Mai Zanen Teku da Wansa

Kai da kake kukan shekara huɗu ka yi a kan sana'a ba wanda ya san da zamanka, gyara zama ka ji. An yi wani mutumin ƙasarmu, mai zanen bayan manyan motoci, da ya bi motar goro har wani gari na bakin teku. Bai taɓa ganin ruwan da ya fi rafin ƙauyensu ba. Da ya tsaya a kan yashi ya ga ruwa ya tafi har ya haɗe da sama, sai ya zauna yana ta salati. Motar ta yi lodi ta koma ba shi. Ya kama ɗaki a zango, yana rubuta sunaye a jikin kwalekwalen masunta da allunan shaguna, abin da yake ci ke nan. Amma kullum in ya idar da sallar asuba sai ya ɗauki guntun katako da ragowar fenti ya tafi bakin ruwa, ya zana shi yadda ya wayi gari, ya juya bayan katakon ya rubuta kwanan wata. Ba ya sa mutum, ba ya sa jirgi, ko tsuntsu ba ya sawa, ruwa ne zalla. In an tambaye shi dalili, cewa yake bai taɓa ganin Ubangiji ya shimfiɗa ruwan jiya a yau ba, shi kuwa yana jin kunyar a yi irin wannan aiki a gabansa bai shaida ba. Mutanen zango suka mai da shi abin nishaɗi, masu shayi na tambayarsa ko yau teku ta biya shi kuɗin zama. Haka ya yi shekara talatin, har furfura ta cinye masa gemu.

Ana nan sai wansa, wanda shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu, ya yi tattaki ya zo da niyyar komawa da shi. Ya shiga ɗaki ya ga katakai jibge har rufi, ransa ya ɓaci. Ya ce sa'o'insa sun aurar da jikoki, shi yana nan yana zana ruwan da ko jaki ba zai sha ba, don haka ya tattara, jibi za su hau mota, katakan kuwa a ba masu tuyar kifi su hura wuta. Maganar wa ba abin musu ba ce a gidansu, kuma har cikin ransa mai zanen ya fara tsoron ko gaskiya ne ya ɓata rayuwarsa. Alfarma ɗaya ya roƙa, a bar shi ya fitar da su su sha iska sau ɗaya kafin a ƙona.

Washegari Talata ce, ranar da masuntan garin ba sa shiga ruwa, suna zaune a inuwa suna ɗinkin raga. Ya jera katakan a jikin katangar da ke gabansu, ya koma gefe ya tsaya kamar mai jiran hukunci. Shugaban masuntan, wani tsoho da ya fi shekara hamsin yana shiga teku, ya miƙe yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna wani ya ce wannan ruwan kifi ne, a irinsa ake cika jirgi kafin hantsi. Ya nuna wani ya ce wannan kwance yake a ido, amma mai hankali ba ya tura jirginsa a ciki. Samari suka ajiye raga suka taso, kowa na faɗin nasa, ana gardama kamar ruwan gaske ne a gabansu. Can sai tsohon ya tsaya cak a gaban wani katako da ruwansa ya yi duhu-duhu daga nesa. Ya cire hularsa. Ya aika aka kira wata dattijuwa mai sayar da kifi, ya ce mata, da 'yar Hausarsa ta kasuwa don wan mai zanen, da ke tsaye a wurin, ya ji:

"Ga ruwan safiyar da mijinki ya fita da mutum shida, ba su dawo ba."

Aka juya katakon. Kwanan watan da ke baya shi ne, shekara goma sha tara da suka wuce, ba ƙari ba ragi. Matar ta ɗora tafin hannunta a kan fentin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ba ta da kabarin da za ta ziyarta, sai ran nan ta samu wurin tsayawa.

Masuntan suka ce katako ko ɗaya ba zai ga wuta ba, suka kwashe su a ka zuwa ɗakin taronsu, inda har yau suke koya wa 'ya'yansu karatun ruwa da su. Wan kuwa bai ƙara tayar da zancen tafiya da ƙanensa ba. Shi kaɗai ya hau mota, rungume da katako ɗaya da ya roƙa da bakinsa, ya kafa shi a zauren gidansu. Duk baƙon da ya shigo, kafin a kawo masa ruwan sha sai ya ji daga bakin mai gidan cewa ƙanensa ne ya yi wannan da hannunsa. Ni na ga katakon, kuma wallahi da na ji labarinsa sai da na ji kaina ya ƙara tsawo don ɗan ƙasarmu ne.

To kai ma koma bakin aikinka, shekara huɗu ko wuta ba ka gama hurawa ba. Hausawa suka ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.