Taswirar da Alden Ya Ceto

Mijina Alden ya kulle ɗakin littattafai muna ciki, ya jefa makullin a aljihu. Dokarsa ke nan, kada danshin Boston ya taɓa masa takardu.

"Zauna, Lorraine. Yau za ki sha mamaki."

Na zauna. Shekara da shekaru labulen gidan nan a sake, ba rana, ba baƙi, duk saboda tsohon kundin taswirorinsa na harshen Latin, wanda shi kansa ba ya buɗewa don tsoron haske.

Ya shimfiɗa wata taswira a tebur.

"Dubi aiki! A jikin tagulla aka sassaƙa zanen kafin a buga. Wani mara imani ne ya yanko ta daga kundinta da reza. Ni na ceto ta a gwanjo."

"Madalla. Buɗe mini ƙofa, girkina na kan wuta."

"Ya ƙone! Bari in gwada ta da ta cikin kundina tukuna."

Ya sauko da kundin. Na dubi ƙofa, na dubi taga, duk a garƙame. Ya yi ta buɗa shafuka har ya iso wurin. Babu taswira, sai siririn gefen takarda. Ya ɗora wadda ya saya. Yankan ya hau daidai.

Mu biyu kaɗai muka san inda makullin nan yake kwana. Ya ɗago kai.

Na gyara zama.

"Alden, nawa ka saye ta? Ni abin da dillalin da na sayar wa ya ba ni, ko hayar ɗaki mai taga bai kai ba."