Tulun da Na Gusar

Har yau in na ji warin busasshiyar albasa, sai idona ya yi nauyi. Warin rudun Baba ke nan a Danwarai, rumfar karan da yake ajiye albasarsa, a shekarun da Kebbi take sabuwar jiha.

Kullum bayan Azahar yakan shimfiɗa buzunsa a gindin rudun, ya rufe fuska da hula. Ba shi da agogo, amma da inuwar rudun ta taɓa tulun ruwanmu sai ya farka, ya yi alwala, ya koma ban-ruwa. Ni kuwa na ɗauka inuwar ce ke ta da shi.

Ran nan ya dawo daga fadama idonsa jajur, yana jan ƙafa. Tausayi ya kama ni. Da numfashinsa ya daidaita, sai na lallaɓa na ja tulun nan can bakin zaure, inda inuwa ba za ta kai ba. Na zauna ina korar kaji. Iska na kaɗa ɓawon albasa, kurciya na kuka, har ni ma na fara gyangyaɗi.

Inuwa na isa gurbin tulun, sai ya yaye hula.

"Baba, wa ya tashe ka?"

Ya dubi tulun, ya yi dariya. "Ɗiyata, jiki na da ladaninai. In ka ba shi hakkinai, shi ka kiran ka."

Ranar da inuwa ta wuce bai yaye hular ba, na riga na zama uwa. Tulun kuwa yana nan a gurbinsa, ba wanda ya taɓa shi.