Wayar Yaya Hapsatu

A jikin rumbun gidan akwai wata ƙusa, nan kaɗai waya ke kama sabis a duk gidan. Kullum da safe Yaya Hapsatu takan rataye wayarta a can, ta ƙure ƙarar, ta koma bakin murhu.

Iliyasu kuwa yakan shimfiɗa tabarma a inuwar rumbun ya zauna. Tun da ya dawo garinsu Sara daga Birnin Kudu, inda aka yi masa intabiyu a wani kamfanin casar shinkafa, ba shi da wani wurin zama sai nan. Mai kula da sito ake nema. Manajan ya yaba da lissafinsa, ya ce za a kira shi. Tasa wayar ta faɗa ruwa a fadama tun da damina, don haka lambar Yaya ya bayar. Washegarin dawowarsa ne kawai bai zauna ba, ranar sunan jaririyar ƙaninsa, da mata suka cika gidan ya koma zaure wajen maza.

Gidan duk ya rataya a kan wannan kiran. Tun rasuwar mahaifinsa gonar ba ta ciyar da su har wata kaka. Inna A'i, kakarsa da ta raine shi tun yaye, idonta ya fara hazo, kuma ya yi mata alkawarin asibiti da albashin farko.

Yaya Hapsatu ba ta taɓa tambayarsa ko an kira ba. Da ma ba mai yawan magana da shi ba ce. In ta dama fura, sai ta ajiye a ƙofar ɗakin Inna ta ce a ba wancan. Kaftanin da ya sa ranar intabiyu ita ta wanke, ta yi masa guga da dutsen gawayi, amma a hannun Inna ya karɓa. Sai dai a kwanakin nan ta rame. Duk lokacin da wayar ta yi ƙara, muciya na tsayawa a hannunta, ba ta ci gaba da tuƙi sai ta ji ashe mai neman Ma'u matar ƙaninsa ce ko saƙon kamfanin waya.

Aka yanke shinkafa, aka sussuke. Manyan motoci suka fara wucewa da buhuna zuwa Birnin Kudu. Ƙusar ta yi tsatsa a jikin igiyar wayar.

Ranar da haƙurinsa ya ƙare, Iliyasu ya sa kaftanin nan ya hau motar haya. A ƙofar siton ya tarar da wani saurayi yana karɓar kaya, makullai na lilo a ƙugunsa.

Manajan, Malam Badaru, ya gane shi, ya ba shi kujera. Ya ce shi aka fara zaɓa, babu ma na kusa da shi. Amma al'adar mai kamfanin ce, ba ya damƙa wa mutum makullin sito sai ya ji daga bakin iyayensa.

"Washegari da hantsi na kira," in ji shi. "Mace ta ɗauka, ana ta hayaniya kamar gidan biki. Na ce ko ita ce mahaifiyar Iliyasu, ta ce a'a. Na ce to ta san shi? Sai na ji mata sun kwashe da dariya, aka kashe. Muka ɗauka lambar banza ka ba mu."

Iliyasu ya miƙe. Ya yi godiya, ya fito.

Da la'asar ya shiga gida. Wayar na nan a ƙusarta. Yaya Hapsatu tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, sai ta ce da Inna ta tambayi wancan ko an dace.

"Ba su fara ɗauka ba tukuna, Yaya," ya ce. "Sun ce sai baɗi."

Rariyar ta tsaya. Ya ga hawaye na ɗiga cikin garin, ya gane ta daɗe da sanin kiran da ta kashe, tana ta jiran a sake kira ne ta gyara. Ya je ya sauke wayar daga ƙusa, ya ajiye mata a gefen tabarma a hankali.

Bai ga laifinta ba. A tsakiyar matan suna aka yi mata tambayar, surukarta Inna A'i na zaune kusa da ita, kuma tun ranar da Hapsatu ta haife shi, ɗanta na fari, kunya ba ta taɓa barinta ta ambaci sunansa ko ta amsa a gaban mutane cewa nata ne ba.