Nauyin Ɗanbaba

Da sassafe Mudassiru ya sake duba nauyin Ɗanbaba, ya tarar ya ragu da rabin kilo. Jiya ma haka aka yi. Alamar awon nauyin ta bar ruwan ɗorawa ta fara shiga ja, kuma Mudassiru ba ya bukatar wani ya yi masa bayanin ja. Ya san ja tun bara.

Abin haushin, Ɗanbaba ba ya ƙin abinci. Duk abin da aka miƙa masa sai ya cinye, ba kuka, ba kawar da kai, ba a bin sa da cokali ana lallashi. Amma kamar ana zuba ruwa a kwando.

Mudassiru manomin rani ne a wani ƙauye da ke gefen Kura, a bakin kanal ɗin ban ruwa ya buɗe ido. Mutumin da ya girma cikin tumatir kuwa, in aka ce masa abinci mai gina jiki, tumatir zai fara tunawa. Don haka sati biyu ya yi yana ɗura wa Ɗanbaba tumatir da kabeji da karas, duk abin da hannunsa ya san shukawa. Ciki ya cika, nauyi ya ci gaba da zubewa.

Muhammadu Sani, mai shagon cajin waya a bakin titi, shi ya fara gyara masa kuskuren. Dama kusan kullum Mudassiru na zaune a bencinsa.

"Yaya, ganye ba ya sa ƙiba," in ji Muhammadu Sani. "Yunwa kawai yake kashewa. Maiƙo za ka nemo masa, kifi, gyaɗa, nama mai kitse. Kuma ka daina yawo da shi a rana, tafiyar nan ce ke cin naman jikinsa."

"To a ina zan samu?"

Muhammadu Sani ya buɗe baki kamar zai faɗi wata magana daban, sai ya dubi jajayen idanun Mudassiru ya fasa. Ya ce, "Ka duba gidajen da babu kowa."

Haka Mudassiru, wanda ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba, ya koma leƙa gidajen da masu su suka watse. Ya buɗe kabad, ya kifar da tukwane. Wata rana ya dace da gwangwanin kifi biyu da ƙullin gyaɗa, har sai da ya yi hamdala a fili. Ɗanbaba ya ƙara kilo guda cur. Kwana uku Mudassiru yana ba da labari a ƙofar masallaci, mutane su sunkuyar da kai su ce, "Allah ya ƙara sauƙi." A kwana na huɗu kilon ya tafi, ya ja ɗan'uwansa.

Matarsa Ummukulsum ba ta taɓa tambayar nauyin ba. Ba ta ɗaukar Ɗanbaba, ba ta ko leƙa shi. In Mudassiru ya fara maganarsa sai ta tuna tana da wanki. Ta ma daina kiran mijinta Baban Ɗanbaba, ta koma ce masa Malam, kamar wani baƙo. Wannan na ci masa rai fiye da komai.

Talata ce ranar ruwansu. Duk wanda ya san noman kanal ya san in ruwa ya iso layinka ba ka buɗe ba, ya wuce ke nan sai wani makon, kuma dashen shinkafa ba ya jiran wani mako a zafin Afrilu. Talatar da ta wuce ma Mudassiru bai je ba.

Da hantsin wannan Talatar Ummukulsum ta same shi a zaure.

"Malam, Dattijo maƙwabcin gonarka ya aiko sau biyu. Ya ce ruwa ya iso, in ba ka zo ba zai sakar wa na ƙasa."

"Ki ce ina zuwa. Ba ki ga halin da Ɗanbaba yake ciki ba?"

"Shinkafar nan ita ce abincinmu na bana, ba mu da wata." Ta matso kusa da shi. "Malam, don girman Allah ka bar shi ya tafi."

Ya ɗago kai ya dube ta, karo na farko a ranar. "Uwa ce ke faɗin wannan?"

Ta toshe baki da gefen hijabi ta koma ciki.

Bai je gonar ba. Ya sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, duk da ya san shi da kansa ya riga ya kwashe abin da ke ciki. Abin da ya samu kawai tumatir uku ne, ya ba Ɗanbaba, alhali ya san ba za su yi komai ba. Da azahar Ɗanbaba ya fara tangaɗi. Kafin la'asar ya faɗi bai sake tashi ba.

Ummukulsum ta jiyo salatin mijinta daga madafi. Ba ta yi ihu ba, ba ta aika a kira liman ba. Ta zo ta tsaya a bakin zaure tana kallon yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ta ji tausayinsa ya danne fushinta. A lokacin ruwa ya daɗe da wucewa gonakin ƙasa.

Mudassiru ya goge gilashin wayarsa da gefen riga, ya danna inda ake sake fara wasan da ke cikinta daga farko. Sabon mutum ya bayyana a tsaye cikin garin da babu kowa, da ƙibarsa, alamarsa koriya shar. Da wayar ta tambayi sunan da za a sa masa, sai ya rubuta, karo na tara ke nan, Ɗanbaba, sunan ɗansa da cutar tamowa ta kashe bara.