Ranar da na shiga rumbun Baba

A Kore Mairuwa mace ba ta leƙa rumbun maigida. Shekarar mulkin kai Baba ya karye a ƙafa, yayana kuma ya tafi cin rani, sai hawan rumbu ya faɗo kaina.

Da la'asar Baba ya riƙe mini tsani, na dira ciki. Ƙaiƙayi ne kawai da dami biyu, ga kaka da nisa.

"Ɗiyata, mi kika gani?"

Kunya ta kama ni, kamar na gan shi ba riga.

"Miƙo guda," ya ce a hankali. "Innarki na kallo. Ki hito da dariya."

Na fito ina dariya. Har yau in na auna hatsi, kunyar nan takan dawo, sai in yi masa addu'a.