Rigar Sallata da Baƙon Ingila

Bazara ce, a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, rumbun kowa ya ƙare da wuri. Sai aka ce wani ɗan majalisar Ingila zai zo ƙauyenmu, kusa da Sule Tankarkar, da buhunan hatsi.

Inna ta sa mini rigar sallata, ta zizara mini kwalli, don ba a tarbar baƙo da datti. A gindin kuka tafintansa ya tare mu.

Ya ce, "Baiwar Allah, yarinyar nan ta yi kyau da yawa. Hoto zai kai wa mutanensa. In kuna son buhu, a sa mata tsumma."

Ƙannena biyu suna gida, tun jiya ba a ɗora tukunya ba. Inna ta tuɓe mini rigar a gaban jama'a, aka sa mini tsumma.

Baturen ya ɗaga ni yana murmushi, aka ɗauki hoton. Yana dire ni ya goge hannuwansa da wani farin ƙyalle mai ƙamshin lemon tsami. Har yau in na ji ƙamshin nan sai in kau da kai.

Washegari Inna ta sake sa mini rigar, ta kama hannuna, muka bi gida-gida muna gaisuwa, don kowa ya gan ni cikin rigata.