Saƙin Lefen Rabi'u

Iya Shekara tana tsince wake a ƙofar ɗakinta aka aiko kiranta gidan su Sadiya. An kai lefen jikanta Rabi'u, gardama ta tashi a kan zane guda.

Wani yayin banza ne ya shigo Matameye. 'Yan matan yanzu sun raina leshi, sun raina shadda, sai saƙi irin na kakanni. Kuma ba sabo ba, wanda ya sha jiki ya koɗe. Abin da a da ake shimfiɗa wa jaki, yau ya kamo saniya a tsada. Rabi'u ya ci rani yana tura ruwa a Kano, ya kwashe abin da ya tara ya zuba a kan zane ɗaya tak, don Sadiya ta ce shi take so. Ko na taki bai rage ba, ga damina a ƙofa. Bai gaya wa Iya ba, ya san faɗanta.

Ita mace ce da ba ta roƙo. 'Ya'yanta na Legas sun daɗe ba su aiko ba, amma hayaƙi bai taɓa yankewa a ɗakinta ba. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Yarana na ci da ni." Ta wanke hannu, jan goron yatsunta ya ƙi fita, ta yafa mayafi ta tafi tana tari.

Ta tarar da tsakar gida maƙil da mata. Gwaggon amarya, Hajiya Najaha, ta ɗaga zanen da yatsa biyu.

"Iya, ke kaɗai kika rage da ta san kayan da. An ce 'yan damfara sun yi yawa. In sabo ne aka tsufar, ku kwashe akwatunanku. Ba mu ba maƙaryaci 'ya."

Maryam, yayar ango, ta ce, "Wallahi Hajiya, mai shagon rantse masa ya yi. Daga adudun wata tsohuwa ya fito."

"Mai shago? Ko uwarsa ce zai rantse ya sayar!"

Aka kwashe da dariya.

Iya ta karɓi zanen. Baƙi da fari ne, gefensa ya ɗan zare. Ba ta juya shi ba, ba ta sansana ba. Ta zauna a kan turmi. Ta tuna yadda yaron ya dawo duk ya rame, tafin hannunsa ya yi kanta. Matar da ko mai gari ba ta sunkuya wa, yau ta kasa kallon sa'o'in 'ya'yanta.

"Tsoho ne," ta ce can ƙasa.

"Ɗaga murya, Iya, mu ji."

"Na ce tsoho ne. Ya girme ki."

Guɗa ta tashi. Aka kawo mata fura ta ce ta ƙoshi. Ta bi ta lungu don kada kowa ya yi mata godiya.

A zaurenta ta iske wani dillalin Damagaram da ke kawo mata aiki yana jira, da ƙunshi a gabansa da tiyar gero a gefe. Ya washe baki.

"Ga sababbi na kawo, Iya. Ki turara mini su kamar baƙi da farin nan da kika yi bara. An ce wani sakarai ya saye shi a Kano kuɗin saniya."